Darasi na 14: Yadda injin mota yake numfashi

Yara, kun taɓa ɗora tukunya a wuta kuka rufe ta ruf? Idan ruwa ya tafasa, tururi yakan ɗaga marfi, yana neman hanyar fita. Haka injin mota yake. Shi ma sai ya yi numfashi.

Damagaram ta daɗe da sanin mota. Sojojin Faransa sun kafa bariki a nan tun 1899, kuma garin ne babban birnin Nijar har 1926. A ƙarshen 1924 motocin Citroën 8 masu sarƙa suka ratso Sahara, suka biyo ta Damagaram. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Faransa suka yi aiki da jif a ƙasashen hamada. Amurka ta ƙera jif wajen 640.000 daga 1941 zuwa 1945. Faransa ma ta ƙera tata, Hotchkiss M201, daga 1955 zuwa 1966.

A cikin inji akwai fistan, yana hawa yana sauka. A samansa esansi yake ƙonewa. A ƙarƙashinsa akwai kartar, wato kwanon da baƙin mai yake zaune. Kome ƙyan zoben fistan, hayaƙi kaɗan yakan sulale ya gangara cikin kartar. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da esansin da bai ƙone ba. Idan ya rasa mafita, sai ya tura mai waje ta kowace kafa. Sauran man kuwa ya yi kauri kamar taɓo, ya kasa zagayawa, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Da farko maƙera mota sun sa wani bututu mai buɗaɗɗen baki a ƙarƙashin inji. Idan mota tana gudu, iska takan janye hayaƙin. Amma motar soja sau da yawa a hankali take tafiya, cikin rairayi ko cikin gulbi. A rairayi ƙura ta shiga bututun, a gulbi ruwa ya shiga. Saboda haka a lokacin yaƙin aka toshe shi, aka sa wata ƴar ƙofa da makanikai suke kira supap.

Supap ɗin nan bai wuce tsawon yatsa ba. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da murɗaɗɗiyar waya. Inji da kansa yake zuƙo hayaƙin ta cikinsa, ya sake ƙona shi. Idan mota tana tsaye inji yana aiki a hankali, zuƙar tana da ƙarfi, sai ɗan ƙarfen ya rage hanya. Idan direba ya taka wuta, hayaƙi ya yi yawa, sai hanya ta ƙara buɗewa. Idan wuta ta komo baya, ƙofar takan rufe, don kada ta kai ga mai. Daga 1961 aka fara sa shi a sababbin motocin jihar Kalifoniya, don rage hayaƙi a gari.

A ƙasarmu ƙurar hunturu ba ta raga wa inji. Supap ya toshe a hanyar Tanut, inda gareji yake da nisa, ba ƙaramar wahala ba ce. Makanike yakan cire shi ya girgiza. In ya ji ƙas-ƙas, ɗan ƙarfen yana motsi. In ya ji shiru, datti ya kama shi, sai a wanke da kananzir ko a sake wani.

Tambayoyi
1. Daga ina hayaƙi yake shiga kartar?
2. Me ya sa bututu mai buɗaɗɗen baki bai dace da motar soja ba?
3. Yaya makanike yake gane supap ya toshe?

Aiki
Ku je garejin unguwarku tare da malam. Ku gaishe da mai gareji, ku roƙe shi ya nuna muku kartar da fistan. Kowa ya zana su a littafinsa, ya rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci.