Minti 46 a Jikin Kwali, Minti Nawa a Saman Fadamar Rimawa?

A noman ranin da ya wuce ina tsaye a bakin wata gonar shinkafa kusa da Rimawa, a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ina ɗaukar hoton filayen wata ƙungiyar manoma daga sama domin a fitar musu da taswira. Sana'ata ke nan, tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙa don awon gonaki da duba magudanan ruwa, wani lokaci kuma ɗaukar biki idan aikin gona ya yi sauƙi. Wani dattijo ya daɗe yana kallona, hannunsa a goshi saboda rana. Da jirgin ya sauka sai ya matso.

"Ɗana, wanga tsuntsu naka, in na saye shi, shina iya wuni bisa gonata shina kore min jan-baki?"

Na ce, "Baba, minti 25 ne ƙarfinsa. Daga nan sai ya sauko a canja masa batir."

Ya dubi jirgin, ya dube ni, ya ce, "Ashe raggo na. Jikana da ludayin hura ukku shika wuni."

Mun yi dariya, amma tambayarsa ita ce wadda ya kamata kowa ya fara yi kafin ya zuba kuɗinsa. Samari da yawa a Sakkwato, Wurno, Rabah da Goronyo sun shiga sayen waɗannan jirage, wasu don bukukuwa da hawan sallah, wasu don aikin gona, kuma kusan duk wanda ya kira ni da ƙorafi magana ɗaya ce a bakinsa: an rubuta masa minti kaza a kwali, shi kuwa bai taɓa ganin ko kusa da haka ba, don haka an sayar masa da jabu. Galibi ba jabu ba ne. Lissafin ne bai fahimta ba.

Ɗauki Mavic 3 na kamfanin DJI, wanda aka rubuta wa minti 46. Kamfanin bai ɓoye yadda ya sami wannan lamba ba. An auna ta ne a wurin da babu iska ko kaɗan, jirgin yana tafiya a miƙe da gudu ɗaya, wajen kilomita 32 a awa, da sabon batir, har sai da cajin ya ƙare ƙaf. Idan tsayawa ya yi cak a sama, minti 40 suka rubuta, domin irin wannan jirgi ya fi shan wuta a tsaye fiye da in yana tafiya a hankali. Ƙaramin Mini 2, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, an ba shi minti 31 a bisa irin waɗannan sharuɗɗa. To wa ya taɓa ganin ranar da iska ta ɗauke ɗif a kwarin Rima? Kuma wane mai hankali ne zai bar jirgi a sama har caji ya koma sifiri? Ni nakan sauko da saura kashi 25 cikin ɗari. Cire wannan daga 46, an koma wajen 34. Cire lokacin hawa, da tafiya zuwa inda aikin yake, da dawowa, da kokawa da iska. Abin da yake rage mini na ainihin aiki a rana mai kyau bai wuce minti 25 zuwa 28 ba, da batir mai lafiya.

Akwai wani ruɗu da ake yi a kasuwa. Batirin Mavic 3 an rubuta masa 5000, wayarka ma wataƙila 5000 ce, sai mutum ya ce ai ɗaya suke. A cikin na jirgin ƙwayoyin batir huɗu ne aka jera, don haka wutar da yake ɗauka ta kai ta waya huɗu. Abin da waya huɗu za su wuni suna ci, shi jirgin yake shanyewa kafin ka gama cin tuwo, saboda duk daƙiƙar da yake sama farfela huɗu ne ke ɗauke da nauyinsa. Ba shi da fiffiken da zai jingina a kai ya huta. Wannan ne bambancinsa da jiragen Zipline da suka fara kai magani da jini asibitocin jihar Kaduna a 2022: su masu fiffike ne, iska na taya su ɗaukar nauyi, shi ya sa suke zuwa nisan kilomita da dama su dawo.

Iska ita ta fi komai cin mutane, ni ma ta ci ni. Wata safiya ce a watan Janairu, hunturu ya kankama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Gulbin Rima kuma daga Goronyo kudu maso yamma yake gangarawa zuwa Wurno. Na tashi jirgin na bi wata magudanar ruwa ta ɓangaren Wurno, wato iska na bayansa tana tura shi. A ƙasa inda nake tsaye ko hulata ba ta motsa sosai ba, sai na manta cewa a tsawon mita 100 babu bishiya ko gini da ke tare ta. Jirgin ya yi ta sheƙa gudu, caji kuwa da ƙyar yake raguwa, ni ina jin daɗi. Da na juyo shi, saura fiye da rabin batir, sai na ga lambar nisa a allon rimot ta kusa daina motsi. Jirgin ya sunkuyar da kai yana ta gurnani, caji na zuba kamar an huda buhun gero. Na sauko da shi ƙasa-ƙasa inda iskar ta fi sauƙi, ya ɗan samu ya matso. Duk da haka bai iso ba. Waɗannan jirage idan caji ya kai wani mataki saukar da kansu suke yi a duk inda suke, ko ka so ko ka ƙi. Nawa ya sauka a tsakiyar gonar albasa da aka yi wa ban-ruwa da asuba, ƙafafunsa a cikin taɓo, tazarar taku ɗaya tsakaninsa da ruwan da ke kwance. Wani yaro ne ya kawo mini shi a cikin rigarsa.

Laifina ne, kuma lissafin ko ɗan firamare zai yi shi. A ce ƙarfin jirginka kilomita 36 ne a awa, iska kuma tana gudun 24. In tana bayansa gudunsa ya zama 60, zai cinye kilomita 2 a minti 2. In ya juyo ya fuskance ta gudunsa ya koma 12, wannan kilomita 2 ɗin sai ya ci minti 10, yana kuma shan wuta fiye da ta zuwa. Tun daga ranar nake fara tafiya da fuskantar iska, in bar ta ta turo mini shi gida lokacin da ya gaji. Idan wurin aikin bai ba da damar haka ba, sai in hau kabu-kabu in koma ɗaya gefen in tashi daga can.

A nan yankin abin ya wuce asarar kuɗi kawai. Madatsar Goronyo, da aka gama ginawa a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma a saman wannan ruwa babu abin da ke tare iska, babu wurin sauka. Jirgin da batirinsa ya ƙare a can sai dai masunta su ba da labari. Haka kuma duk mun san halin tsaron gabashin Sakkwato. Akwai dajin da in jirginka ya faɗa ciki, kana ganin ɗigonsa a taswira ƙiri-ƙiri, ba ka isa ka je ɗauko shi ba, kuma bai halatta ka tura ɗan wani ba. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro ake tashin irin waɗannan jirage. Ban da wannan, ni ba na kunna farfela a ƙauye sai na gaida mai gari na sanar da jami'an tsaron wurin, balle kusa da madatsa. Mutanen da suka sha tashin hankali ba a ba su mamaki da abu mai ƙugi a sama.

Sai zafi. A takardar yawancin waɗannan jirage an rubuta cewa iyakar zafin da za su yi aiki a cikinsa digiri 40 ne, ba a kuma cajin batirin sai tsakanin digiri 5 da 40. A watan Afrilu da Mayu, a ƙarƙashin inuwar dogonyaro ma mukan haura 40 a nan. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara juyi kafin ta ɗaga nauyin da take ɗagawa cikin sauƙi da sanyin safiya, ga batirin kansa yana ɗumama daga ciki. Shi ya sa a bazara nake fara aiki da zarar gari ya waye sosai, in tattara kayana kafin ƙarfe 11.

Amma a abin da na gani, baturan da suka lalace a hannun abokan sana'ata yawancinsu a ƙasa suka mutu. Mutum ya gama aiki a Goronyo, ya jefa batura a but ɗin mota ko akwatin babur, ya tsaya kasuwa, ya yi sallar azahar, ya ci abinci, motar na shanye a rana kamar tanda. Wani kuma da jirgi ya sauka sai ya zare batirin da zafinsa ya maƙala a caja saboda amarya ta kusa fitowa. Wani ya cika su fal ya ajiye wata biyu yana jiran aiki. Duk ukun nan kashe batir suke yi a hankali, ba a ganin illar ranar, sai bayan watanni a ga minti 25 ya koma 15. Ni a cikin kular ruwa nake ɗaukar nawa, busasshiya ba ƙanƙara, in rufe ta da farin ƙyalle a inuwa. Wanda ya sauko nakan bar shi ya huce har in iya ɗora shi a kumatuna ban ji ɗumi ba. In babu aiki a gaba ina ajiye su da kusan rabin caji. Baturan DJI ma da kansu suke rage cajinsu in sun kwana biyu ba a taɓa su ba, har ka ji sun ɗan yi ɗumi a jaka. Da yawa sukan ɗauka lalacewa ce. Kare kansu suke yi, sai dai ka duba su daren da za ka fita aiki, kada ka isa gona da kashi 60 kana zaton ɗari ne.

Caji kuwa shi ne ainihin wahalar ƙauye. Batirin da ya yi maka aikin minti 25, cajar da ke zuwa da shi sai ta ɗauki wajen awa ɗaya da rabi kafin ta cika shi. Wanda ke da batir ɗaya ba shi da sana'a tukuna, abin wasa yake da shi. Kada kuma ka miƙa batirinka a shagon cajin waya, a jera shi cikin wayoyi hamsin a kan katako ƙarƙashin rufin kwano, da janaretan da wutarsa ke hawa da sauka. Ni da sola nake cika babban batirin ajiya da rana, da dare in sanyi ya sauka in ɗora na jirgi a kansa, a kan siminti, ina kusa.

Ƙura ma tana da nata kason. Tashi daga kan rairayi yana cusa ƙasa a cikin injinan farfela, su yi nauyi, su ƙara shan wuta. 'Yar tabarma ta wadatar. Farfelar da bakinta ya ɓantare a canja ta, kuɗinta bai kai na batir ba.

Ga manoma da shugabannin ƙungiyoyin masu ban-ruwa na Wurno da Rima ta Tsakiya: an fara tallata muku manyan jiragen feshi, irin su Agras T40 mai ɗaukar lita 40. Aikinsu na da kyau, feshin da zai ɗauki mutum wuni su gama shi a ɗan lokaci, kuma babu mai saɓa maganin ƙwari a bayansa. Amma batirinsa kaɗai ya kai kilo 12, kuma da cikakken tanki ba ya kai minti 10 a sama. Aikin yana tafiya ne idan akwai batura biyu ko uku ana juya su, da babban janareta a bakin gona yana shan fetur. Duk wanda ya zo muku da farashin hekta, ku tambaye shi batura nawa ya zo da su, da me zai yi caji, kuma wa zai biya man. Mai sayen jirgi na hannu shi ma ya buɗe manhajar jirgin ya ga sau nawa aka yi cajin batirin, domin tana nunawa. Ni in nawa ya doshi 200 na daina tura shi nesa ko saman ruwa, sai ƙananan ayyuka a kusa da ƙafata.

Batirin da ya kumbura kuwa an gama da shi. Ka ɗora shi a kan tebur, in yana lilo maimakon ya kwanta daram, ko sai ka danna da ƙarfi kafin ya shiga mazauninsa, kada ya sake hawa sama. Irinsa ne ke ɓalle maƙalinsa ana tsakiyar tafiya, jirgi ya faɗo a kan taron biki. Na ga wani yana huda nasa da allura wai iska ta fita. Batirin litiyom in aka huda shi wuta yake kamawa, mai tsananin zafi da hayaƙi mai guba, tana kuma iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Kada a danne shi da dutse don ya koma daidai, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan da za su fasa shi da guduma.

Idan kana da irinsa a ɗaki yanzu, a kan katifa ko kusa da jarkar fetur, don Allah ka fitar da shi yau, ka sa shi a bokitin ƙarfe mai rairayi, a inuwa, nesa da dangar kara.