Darasin Kanikanci: Yadda Ake Jan Motar Haibirid

Mota ta mutu tsakanin Batsari da Safana, ga dajin Rugu kusa, ga magariba ta kawo jiki. Dabarar kowa ɗaya ce: a ɗaura igiya, a sa furi, a ja. To 'yan'uwa ɗalibai, in haibirid ce mai aiki da fetur da batir, irin Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997, wannan dabarar tana iya kashe giyabos.

Me ya sa? Tayoyin gaba a haɗe suke da injin lantarki ko an sa furi. Suna juyawa yana haifar da wuta, wutar kuma tana iya ƙona inbata. Sannan injin fetur ne ke juya famfon man giyabos. In yana kashe, haƙoran giya sai su yi ta gugar juna ba isasshen mai.

Abin yi:

1. A ɗora ta kan babbar mota, tayoyi huɗu duk a sama.
2. In janwe ne, ya ɗaga tayoyin gaba. Mai injin lantarki a baya kuwa, irin wasu RAV4, sai duka huɗun.
3. In tsaro ya tilasta igiya, a tafi ƙasa da kilomita 30 a awa, zuwa gari mafi kusa kawai.
4. Kada a taɓa wayoyi masu ruwan lemo, wutarsu tana kisa.

In wurin bai yi maka ba, kulle ta ka tafi. Ana sake giyabos, ba a sake rai.