Amsoshin Tambayoyinku: Idan Mai Bincike Ya Yi Ha'inci, Wa Ke Kama Shi?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: shin ana taɓa soke binciken da aka riga aka wallafa idan an gano akwai ha'inci a ciki?

Ƙwarai kuwa, Malam. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet da ke Ingila ta buga binciken Dokta Andrew Wakefield da abokan aikinsa kan yara 12, wanda ya alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da hangum ta MMR da lalurar galahanga. Iyaye suka tsorata, da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta sake yaɗuwa a Birtaniya.

A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin rigakafin, kuma bai sanar da mujallar ba. A shekarar ce marubuta 10 cikin abokan aikinsa suka nesanta kansu da fassarar sakamakon. A 2010 mujallar ta janye binciken ɗungurungum, hukumar kula da likitoci ta Birtaniya kuma ta soke lasisinsa. Wani bincike a Denmark a 2019, kan yara sama da 650,000, bai sami wata alaƙa tsakanin rigakafin da lalurar ba.

Don kauce wa irin wannan ha'inci ne manyan mujallu ke tilasta wa mai bincike ya faɗi wanda ya ɗauki nauyin aikinsa, wasu kuma su nemi ya ajiye bayanansa inda sauran masana za su iya tantancewa.