Dokar Kulle da Ciwon Dajin Fata

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ƙasashe da yawa suka kafa dokar kulle, kowa ya zauna gida. Dokar ta rage yaɗuwar korona, amma ta bar wani ciwo yana ci a ɓoye, wato ciwon dajin fata.

Yadda ciwon yake

Mafi hatsari cikin ire-irensa shi ne wanda likitoci ke kira melanoma. Yakan fara kamar ɗan baƙin tabo ko tawadar Allah. Likita yakan auna zurfinsa cikin fata. Idan bai kai milimita 1 ba, ƙaramar tiyata takan isa, yawancin masu shi kuma sukan warke. Idan aka bar shi ya nutse, sai ya bi jijiyoyi ya kai huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Ke nan lokaci shi ne rabin maganinsa.

Abin da kulle ya jawo

Ingila ta shiga kulle ranar 23 ga Maris 2020. A watan Afrilu na shekarar, yawan waɗanda aka tura asibiti da gaggawa don a binciki ko suna da ciwon daji ya ragu da wajen kashi 60 cikin 100, in an gwada da Afrilun 2019. Ba ciwon ne ya ragu ba. Mutane sun ji tsoron zuwa asibiti, an ɗage tiyata da yawa, an kuma mayar da ma'aikata wajen jinyar masu korona. A Italiya, bayan an buɗe gari, likitocin fata sun ba da rahoton cewa ciwon da suke gani ya fi zurfi. Wasu asibitoci sun koma duba hoton tabo ta waya. Wannan ya taimaka, sai dai hoto ba ya yanke ciwo.

Darasi gare mu

Mu ma an yi kulle a Legas, Abuja da Kano a 2020, kuma baƙar fata ba ta hana wannan ciwo. A wurinmu yakan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Shi ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ya fara. Zabiya kuwa rana ce ke jawo masa wani nau'in, haka kuma tsohon gyambo yakan rikiɗe ya zama ciwon daji.

Saboda haka, ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku duba ƙafafun iyaye da kakanni. Tabon da ke girma, ko sake launi, ko zubar da jini, da gyambon da ya ƙi warkewa, a kai wa likita nan da nan, ko da gari na kulle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.