Iyakar Gashin Goshi: Wani Giɓi a Kalmomin Wanzanci da Kitso a Ƙasar Ikara

Hausa tana da yalwar kalmomi game da abin da hannu yake yi wa gashi: zanko da tukku a wajen wanzamai, shuku da doka da kalaba a wajen makitsa. Da zarar an koma ga yadda gashin yake tsirowa da kansa, musamman iyakarsa da goshi, sai kalmomin su ƙaranta. Akwai sanƙo da saje da bijaji, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya bayyana siffar iyakar.

A Koriya ta Kudu an yi irin wannan siffantawa. A shekarar 2011 Jung da abokan aikinsa sun kasa iyakar gashin goshin mata gida biyar: mai zagaye, mai siffar harafin M, mai kusurwa huɗu, mai kusurwa uku, da mai kama da ƙararrawa. Buƙatar likitocin dashen gashi ce ta haifar da rabon, kuma kuskure ne a ɗora shi kai tsaye a kan Bahaushe. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne, kuma binciken Loussouarn na 2001 ya nuna bai kai na Turawa saurin tsawo da cika ba.

Duk da haka, rashin kalma ba rashin sani ba ne. Wanzami a Janfalan, kamar takwarorinsa na Maƙarfi da Kudan, yana duban kan mutum tun daga askin suna a rana ta bakwai. Ya san inda gashi yake juyawa a tsakar ka, domin kwanciyarsa aska take bi. Makitsiya ma da wannan sanin take tsaga. Ilimin yana hannu, bai kai ga ƙamus ba.

Giɓin yana da illa. Kitso mai tsauri yakan ci gashin gaba da na bijaji, kuma sau da yawa yakan bar siririn layin gajerun gashi a ainihin iyakar. Mace kan ɗauki wannan a matsayin faɗin goshi na halitta, alhali idan aka sassauta kitson da wuri gashin yakan dawo, idan aka daɗe kuwa saiwar takan mutu. Manazarcin da zai tattaro waɗannan siffofi sai ya zauna kusa da wanzami da makitsiya suna cikin aiki, ya riƙa tambayar sunan abin da yatsa ya nuna.