Abin da ke Aiki a Gindin Masara

'Ya'yana, ku da kuka taso tsakanin Funtua da Malumfashi, kun san kukan da manomi ke yi duk damina: ya zuba supa, ya zuba kamfa, amma masara ta fito da ganye jaja-jaja, ta ƙi tashi. Sau da yawa takin na nan cikin ƙasa, ƙasar ce ta riƙe fosfaras ɗinsa ta hana saiwa sha.

To, akwai masu kwance shi, ido ba ya ganinsu. Bakteriya ce irin su Pseudomonas, masu zama a jikin saiwa. Saiwar kan tsattsafo musu ɗan suga, su kuma suna da wani enzayim da ke juya sugan ya koma asid mai tsami, gulukonik, wanda ke narkar da ɗaurarren fosfaras har shuka ta samu. Tun 1952 wasu masana biyu, Entner da Doudoroff, suka bayyana hanyar da irin wannan bakteriya ke bi ta cinye sugan a matsayin abinci. Shi ya sa raina kan ɓaci in na ga an cinna wa karan gona wuta, ko an raina takin shanu. Abincin waɗannan bayin Allah ake ƙonawa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Tsinken nan da kakarku ke ɗiga wa jini don gwajin suga, aikinsa ɗaya ne da na bakteriyar nan. An shafa masa enzayim, wani daga bakteriya, wani daga fumfuna, yana cin sugan jini, na'ura kuma ta auna ɗan lantarkin da ya fito ta nuna lamba. Wasu masana, Clark da Lyons, ne suka kawo dabarar a Amurka a 1962.

Enzayim kuwa ba ya jure zafi da laima. Don haka, yarana, kada ku bar gwangwanin tsinken a buɗe, ko cikin mota a zafin bazara, kuma ku duba ranar ƙarewarsa kafin ku biya a kemis. Tsinken da ya lalace zai iya ba tsohuwa lambar ƙarya, ta sha maganin da bai kamata ba.

Mai sha'awar ilimin nan cikinku, Samaru ba nisa, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana can. Allah Ya yi muku albarka.