Wasiƙa Ga Matasa Masu Nufin Birni, A Kan Sha'anin Masauki

'Ya'yana, samari da 'yan mata,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda da yawa daga cikinku, ko neman ilmi ne ya taso ku, ko fatauci, ko jinyar wani naku, ko neman aiki, kukan lissafa kuɗin mota zuwa da komowa har da na ruwan sha a hanya, amma ku bar maganar inda za ku sa haƙarƙarinku sai kun sauka tasha da almuru, alhali kuwa ita ce mas'alar da ta fi kowace cin aljihu, kuma ita ce ta fi saurin taɓa mutuncin baƙo. Zan yi muku bayani da Kano, domin nan ne akasarinku kuke dosa, kuma wanda ya iya sauka a Kano ba zai rasa dabara a Kaduna ko Legas ba.

Ku sani cewa Kano ta daɗe da sanin baƙo, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda aka kafa Kasuwar Kurmi a mulkinsa cikin ƙarni na 15, har sunayen unguwanninta ma suna ba da shaida, irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, ga kuma Fagge a wajen ganuwa inda ayarin raƙuma yake yada zango. A wancan zamani falke ba ya biyan kuɗin ɗaki. Yakan sauka wurin fatomansa, shi kuwa fatoma ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa daga cikin cinikin. Da wannan tsari ne kakanninmu suka yi fataucin goro har Salaga a ƙasar Gwanja, da shi kuma aka riƙa cinikin shanu a Sabo ta Ibadan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari domin mutanen Kudu, Turawa kuma suka keɓe kansu a Nasarawa da Bompai, sai garin ya rabu gida-gida, kuma wannan rabo shi ne har yau yake yanke farashin ɗaki: cikin birni wurin dangi da sani, Fagge da Sabon Gari wurin ɗakin kwana mai sauƙi, Nasarawa da Bompai wurin masu hali.

Na fara da masaukin da kuke ɗauka kyauta ne, wato gidan ɗan'uwa ko abokin uba, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Hadisi ingantacce wanda Buhari da Muslim suka ruwaito ya iyakance liyafar baƙo da kwana uku, ya mai da abin da ya ƙaru a kai sadaka, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Mutanenmu kuwa suka ce baƙo raɓa ne. To, amma sai ka ga yaro ya taso daga ƙauye ba saƙo ba sanarwa, ya faɗo wa kawunsa wanda yake hayar ciki da falo da 'ya'ya biyar, yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, yana auna shinkafa da gwangwani, ya yi rabin shekara yana jiran aikin da bai zo ba, kawu yana jin kunyar kora, matar kawu tana haɗiye magana, har zumuncin da aka gada tun kaka ya tsinke a kan kwanon tuwo. Gidan birni na yanzu ba shi da soro mai faɗi da shagon samari kamar gidajen da, kuma wanda kuke gani da babbar riga ran Salla wataƙila albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata. Saboda haka idan za ku sauka wurin naku, ku buga waya tun da sauran mako guda, ku faɗi ranar zuwa, ku faɗi ranar tafiya ba tare da an tambaye ku ba, ku riƙo tsaraba daga abin da ƙasarku take nomawa, ko wake ne ko daddawa ko man shanu, idan kuma zaman ya zarce kwana uku, ku san hanyar da za ku sa hannu a cefane cikin ladabi, ta hannun uwargida ko ta sayen abin da kuka ga ya ƙare, domin maigida ba zai karɓi kuɗi a hannun ɗan ƙanwarsa ba. Ku dawo gida da wuri, kada a riƙa tashin mutum da tsakar dare ya buɗe muku ƙofa, kuma kada ku jawo aboki ku ce shi ma ya raɓa.

Wanda ba shi da kowa a gari, ba shi kuma da kuɗin ɗaki, shi ma Shari'a ba ta manta da shi ba, tun da ibnus sabil, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su haƙƙi a zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Sai dai zamani ya canja. Tun bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairu na 2012, da wanda aka kai babban masallacin Juma'a na cikin birni a watan Nuwamba na 2014, masallatai da yawa kulle su ake yi bayan lisha, kuma baƙuwar fuska da jaka a kusurwar masallaci tambaya take jawowa kafin tausayi. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya yi sallar magariba cikin jama'a, ya gai da liman, ya bayyana sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, ya nuna katin shaidarsa, a haɗa shi da mai unguwa. Ko kuwa ya nemi mutanen garinsu a kasuwa, domin da wuya a sami wani yanki na ƙasar Hausa da ba shi da 'yan kasuwa a Kwari ko Singa ko Dawanau. Kwanan tasha kuwa, a Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, lalura ce ta dare ɗaya, kuma wanda ta kama shi ya kai kansa ofishin 'yan ƙungiyar direbobi ya sanar da su, ya yi matashi da jakarsa. Ga 'ya mace ban yarda da shi ba sam, gara ta ɗage tafiyar har a sami muharrami ko gidan da aka amince da shi.

Sai ɗakunan haya na kwana masu araha, waɗanda suka yawaita a Sabon Gari da Fagge da gefen manyan tashoshi. Ba aibi ba ne sauka a cikinsu. Malaman tafsiri ma, da suka zo kan aya ta 29 ta Suratun Nur wadda ta halatta shiga gidajen da ba na zaman kowa ba ne amma akwai amfani a cikinsu, da masaukan matafiya suka fara misali. Abin da nake so ku riƙe shi ne gani ya kori ji. Kada ku biya ko sisi sai kun shiga ɗakin da ƙafarku, kun murɗa famfo kun ga ruwa, kun duba sakatar ƙofa daga ciki, kun ɗaga zanen gado kun duba bakin katifa saboda kuɗin cizo, kun tambaya ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa kuma ake kashe shi, gama a watan Afrilu zafin Kano yakan haura ma'auni 40, kuma ɗaki mai fanka ba wuta azaba ce da mutum ya saya da kuɗinsa. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, ku nemi gidan sauro, ku dubi ko ruwa yana kwanciya a layin. Ku kuma dubi masu shiga da fita. Wurin da ake ba da ɗaki na awa biyu, ko aka haɗa shi da mashaya, komai arharsa ku wuce, domin hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, takan kai samame irin waɗannan wurare, kuma ran da aka kwashi mutane ba a tsayawa tantance wanda barci kawai ya kawo shi.

Tsakanin waɗannan da manyan otal akwai matsakaitan gidajen baƙi, a hanyar Zoo da hanyar Zariya da hanyar Maiduguri da sauran sababbin unguwanni, kuma a ganina su suka fi dacewa da ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tasowa. A nan ciniki yana yiwuwa, musamman ga mai kwana da yawa ko waɗanda suka haɗu biyu a ɗaki ɗaya, kuma tambayar ragi ba ta rage wa kowa daraja. Ku tambayi kuɗin gaba ɗaya har da haraji, domin harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. Ku karɓi rasit. Ku san cewa kwanan otal da sha biyun rana yake ƙarewa, ba da fitowar rana ba, ba kuma da cikar awa ashirin da huɗu ba.

Manyan otal na Nasarawa da Bompai da wajen Farm Centre, irin su Central Hotel da Tahir Guest Palace da Bristol Palace, ba ni da abin faɗa a kansu da ya wuce cewa an gina su ne domin wanda ma'aikatarsa take biya masa, ko wanda dukiyarsa ta kai. Saurayin da ya zuba ribar wata guda a kwana ɗaya don ya ɗauki hoto a bakin wurin wanka ya aika wa abokai, israfi ya yi, ko da ya kira shi hutu.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wasiƙar nan, wanda kuma na ga ko manya suna gafala da shi: kuɗin ɗaki ba shi ne kuɗin masauki ba. Kano gari ne mai faɗi, cunkosonsa kuma yana cin lokaci, tun da aka hana acaɓa a 2013 kuwa zirga-zirgar talaka ta koma kan A Daidaita Sahu, wanda shi ma a 2022 gwamnati ta taƙaita masa aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Wanda ya zo sarin hatsi a Dawanau, can kan hanyar Katsina, ya kama ɗaki mai araha a Na'ibawa, ya ratsa garin daga kudu zuwa arewa safe da yamma, abin da ya rage a kuɗin ɗaki ya biya shi ninki biyu a kuɗin hawa, ya kuma isa kasuwa bayan an gama cinikin safe. Mai jinya a Asibitin Malam Aminu Kano ya nemi wuri a hanyar Zariya inda zai iya takawa da ƙafa idan an kira shi da dare; mai zuwa asibitin ƙashi na Dala ya nemi na wannan ɓangaren; ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya kwana a hanyar Gwarzo, ko da ɗakin ya fi tsada kaɗan, domin makarar jarrabawa ba ta da diyya; mai sarin atamfa a Kantin Kwari kuwa Fagge ce tasa. Ku haɗa kuɗin ɗaki da na hawa da na abinci da lokacin da za ku ɓata, jimlar nan ita za ku gwada da wata jimlar. Ku kuma lura da lokaci, gama a kwanakin hawan Salla, da lokacin Maukibin Ƙadiriyya, da lokacin tashin alhazai, ɗakuna sukan cika, farashi ya hau.

Game da neman ɗaki ta intanet, abu ne mai amfani wajen sanin farashi da karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana suka faɗa, amma hoto ba ya nuna wari, ba ya nuna ƙarar injin maƙwabci, kuma duk wanda ya matsa muku ku tura kuɗi asusun wani mutum kafin ku ga wuri, ku ɗauke shi ɗan damfara har sai ya tabbata ba shi ba ne.

Malamanmu na Malikiyya sun ce matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru ya cika salla, wato hukuncin mazauni ya hau kansa. Haka nan wanda zamansa zai kai watanni, ya daina lissafin kwana ya nemi ɗakin haya. A nan za ku gamu da dillali, wanda yake da la'adarsa, da mai gida wanda galibi kuɗin shekara yake nema a dunƙule. Ijara ba ta inganta a fiƙihu sai an san kuɗi an san ajali, saboda haka ku sa a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a ambaci wanda zai biya wuta da ruwa da kwashe masai, ku tabbatar wurin mai unguwa cewa wanda yake karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, ku kuma koma unguwar da daddare ku ga halinta, ku gai da maƙwabta ku tambaye su dalilin da ya fitar da wanda ya bar ɗakin kafin ku.

Ku gai da iyayenku da malamanku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
Naku, mai yi muku fatan alheri.